Jijjigar Masu Ciki: Gargaɗi ga Magidanta da Iyaye Mata na Birnin Shehu

 

Sau biyu a shekara hukumomin lafiya kan yi Makon Lafiyar Mata da Ƙananan Yara. A ji shela a Rediyon Rima, a ga ma'aikata sun kafa tebura a asibitocin unguwa, ana ɗiga wa yara bitamin, ana raba wa masu ciki maganin ƙarin jini. Mako na ƙarewa a naɗe tabarma, kowa ya koma harkarsa. Ita kuwa cutar da ta sa aka rubuta wannan takarda tana nan rani da damina. Ita ce jijjigar masu ciki, wadda wasu ke ce wa taune-taune, tare da abin da ke haifar da ita, wato hawan jinin da ciki ke kawowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023, cikin dukan matan da suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Nijeriya ne. A asibitocin Arewa kuwa jijjiga tana sahun gaba cikin masu kashe su. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wanda ke shakka ya tambayi duk wata malamar jinya da ta taɓa kwana a ɗakin haihuwa na Asibitin Ƙwararru, ko na Maryam Abacha, ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Za ta ba shi labarin yarinyar da aka shigo da ita tsakar dare a sume, harshe a tattaune, zane jiƙe da ruwan rubutu, tun azahar tana faɗuwa ana jiran mai gida ya dawo daga kasuwa.

Inda ɓarnar take farawa

Mutane sun ɗauka jijjiga farat ɗaya take zuwa. A'a, watanni take yi tana haƙa rami kafin ta jefa mace.

Ku duba lambu a fadamar Rima, wajen Kwalkwalawa. Manomin da ya san aikinsa, kafin ya dasa albasa sai ya fara gyara hanyar ruwa. Ya faɗaɗa ta, ya share ta, yadda ruwa zai shiga fangali a hankali, ya kwanta, ya jiƙa ƙasa, shuka ta sha ta ƙoshi. To, a ce hanyar ta zama 'yar siririya, injin ban-ruwa kuma yana yi yana tsayawa. In ya tsaya fangali ya bushe, dashe ya langaɓe. In ya taso ruwa ya fito da ƙarfi ta ƙuntataccen wuri, ya zaizaye kunya, ya tone saiwa, ya kwashi laka da ruɓaɓɓen ganye. Albasa ba za ta yi kai ba, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda ya fi muni, gurɓataccen ruwan nan ba a lambun yake tsayawa ba. Gangarawa yake ya koma gulbi, mai wanki a ƙasa ya same shi, mai shayar da dabbobi ya same shi, wanda bai taɓa taka lambun ba ma ya sha daga cikinsa. Mai wucewa ta kan gada kuwa ba abin da zai gani sai kore shar, har ya ce lambun wane ya yi kyau bana.

Haka abin yake tsakanin mahaifa da mabiyiya. A watannin farko na ciki, Allah cikin hikimarsa Ya tsara cewa mabiyiya za ta kutsa cikin bangon mahaifa ta buɗe ƙananan jijiyoyin jinin uwa, su zama masu faɗi da laushi, jini ya riƙa kwarara zuwa ga ɗa cikin natsuwa. A wasu matan wannan buɗewa ba ta cika. Jijiyoyin su zauna a tsuke, jini ya riƙa zuwa yana yankewa, in ya zo kuma ya zo da ƙarfi. Ɗan da ke ciki ya kasa samun isasshen abinci, shi ya sa ake haifar irin waɗannan jarirai 'yan mitsi-mitsi. Mabiyiyar da ta wahala kuma ta riƙa zubo da dattinta cikin jinin uwa, jini ya kai shi ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa.

Mene ne wannan datti? A nan sai a yi haƙuri a saurara, don shi ne gindin maganar. Jikin ɗan'adam da iskar oksijin yake sarrafa abinci ya sami ƙarfi. Cikin wannan aiki akwai wani tartsatsin oksijin da ke kuɓucewa, mai cin duk abin da ya taɓa, kuma irin aikin da ke sa ƙarfe tsatsa shi yake yi wa sassan jiki. Mai lafiya yana da abubuwan da ke kashe wannan tartsatsi nan take, wasu jiki ke ƙera su, wasu daga abinci suke, kamar bitamin C da E. Kowane ciki yana ƙara yawan tartsatsin, jiki kuma ya ƙara tsaro. Amma in jini yana zuwa wa mabiyiya yana yankewa, tartsatsin kan yi yawan da zai rinjayi masu kashe shi. Daga nan ɓarna ta soma.

Abin da ya fi shan wuya shi ne kitsen da ke lulluɓe ƙwayoyin jiki, da kuma furotin. Mu mun san furotin a nama da wake da ƙwai, amma a cikin jiki shi ne ma'aikaci. Wani yana dakon abubuwa cikin jini, wani yana sarrafa abinci, wani yana tsare bangon jijiya. Kowannensu yana da irin naɗin da aka yi masa, kuma da wannan naɗi yake aiki. Tartsatsi na dukansa sai naɗin ya warware, ya daina aiki, ya manne da 'yan'uwansa lalatattu su dunƙule. Masana sun auna jini da mabiyiyar mata masu wannan ciwo, sun tarar lalataccen furotin da lalataccen kitse sun fi yawa a jikinsu bisa na masu cikin da ke lafiya. A 2014 wata likita a Amurka, Irina Buhimschi, da abokan aikinta suka nuna cewa fitsarin irin waɗannan mata yana ɗauke da dunƙulen furotin mai karkataccen naɗi, wanda ke kama wani jan rini da ake kira Kongo. Tun kafin nan, a 2003, wasu masu bincike a birnin Boston sun gano wani furotin da wahalalliyar mabiyiya ke fitarwa da yawa, wanda ke tare abin da jijiyoyin uwa ke bukata don gyara kansu.

Ƙarshen duk wannan a shimfiɗar cikin jijiyoyin jini yake sauka. Jijiya ta tsuke, jini ya hau. Jijiya ta riƙa yoyo, ruwa ya fita ya taru a fuska da hannu. Matatar ƙoda ta lalace, furotin da ya kamata ya zauna a jini ya zube cikin fitsari. Hanta ta kumbura ta riƙa ciwo. Ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa su ragu. In ɓarnar ta kai ƙwaƙwalwa, mace ta faɗi tana jijjiga. Duk wannan yana iya gudana alhali tana daka, tana ɗibar ruwa, tana dariya da kishiyarta, ba ta jin komai.

Kada a ruɗe ku da ƙwayar bitamin

Mai hankali zai ce, to ai magani ya samu, tunda tartsatsi ne a ɗura mata bitamin C da E mana. Likitocin duniya ma haka suka zata, kuma sun gwada. A 2006 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Ingila, inda aka ba mata masu haɗarin kamuwa waɗannan bitamin biyu kullum. Bai hana ciwon ba, har ma an sami ƙarin jarirai marasa nauyi cikin waɗanda suka sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta maimaita gwajin a Indiya da Peru da Afirka ta Kudu da Biyetnam, aka buga a 2009, ba a ga amfani ba. A 2010 Amurka ta kawo nata, mata wajen 10,000, labarin bai canza ba. Saboda haka tun 2011 Hukumar ta ce kada a ba masu ciki waɗannan bitamin da nufin hana wannan ciwo. Dalilin a fili yake ga wanda ya fahimci lambun nan: in hanyar ruwa ta riga ta tsuke, tsince laka a gulbi ba zai faɗaɗa ta ba.

Don haka mai kemis ko mai tallan magani a mota da ya ce yana da ƙwaya ko garin da ke wanke jinin mai ciki, kuɗinku yake so. A ci zogale, a ci rama da alayyafo, a sha lemo da gwanda, wannan abinci ne mai kyau kuma mai ciki na bukatarsa. Amma kwanon zogale bai ɗauke wa kowa zuwa awo ba.

Abin da aka tabbatar yana rage haɗarin abu biyu ne. Ɗaya ƙwayar kalsiyam ga matan da abincinsu ba ya da shi sosai. Ɗaya kuma asfirin ɗan kaɗan, wanda likita ke rubuta wa mai haɗari tun cikin yana wajen wata uku. Wani gwaji da aka buga a 2017 ya nuna ya rage irin ciwon da ke sa a haihu kafin lokaci da kashi 62 cikin 100. Likita ne ke rubutawa, na maimaita. Asfirin ɗin ciwon kai da ke kan teburin mai shago ƙarfinsa daban ne, kada wata ta saya ta sha da kanta.

Awo

Tunda ciwon ba ya shela, hanyar kama shi ɗaya ce: a ɗaura wa mace na'ura a dantse a auna jininta, a tsoma tsinken gwaji a fitsarinta. Aikin minti kaɗan ne, kuma ana yin sa a ƙaramin asibitin unguwa. In ciki ya wuce mako 20 aka ga jini ya kai 140 bisa 90, an shiga gargaɗi. In kuma aka ga furotin a fitsari, ciwon ya tabbata. In jinin ya kai 160 bisa 110, wannan mace ba ta kwana a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu, kuma yawancin zuwan a watannin ƙarshe ne, lokacin da jini ya fi hawa. Wadda ta je sau ɗaya ta karɓi kati da gidan sauro ta ɓace, kati ta karɓo, ba ta yi awo ba.

Wa ciwon ya fi kamawa? Mai cikin fari, musamman ƙaramar yarinya. Mai tagwaye. Wadda ta kai shekara 40 tana haihuwa. Wadda ta taɓa yin sa, ko uwarta ko 'yar'uwarta ta yi. Mai hawan jini tun asali, mai ciwon sukari, mai ciwon ƙoda, mai ƙiba sosai. Ku lura da ta farkon. Ita ce aka koya wa kunyar ɗan fari, ita ce ke ɓoye ciki har ya fito da kansa, ita ce ba ta iya buɗe baki gaban uwar miji ta ce kaina na ciwo. Kunya ado ce, addini ma ya yabe ta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Alamun da in an gan su ba a jiran gari ya waye su ne ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a bakin ciki wanda ake ɗauka gyambon ciki ne, kumburin fuska da hannu har zobe ya ƙi fita, ƙarancin fitsari, numfashi sama-sama, da ɗa ya rage motsi. Kumburin ƙafa kaɗai yawancin masu ciki na yi. Fuska ce abin dubawa. In ka tashi da safe ka ga fuskar matarka ta cika har idanu sun shige, kada wata tsohuwa ta ce maka alamar namiji ce ko tagwaye.

Zuwa ga magidanta da surukai

Yanzu magana ta zo kanku, kuma ba za a sassauta ba. Sau nawa aka ji uwar miji na cewa, "Mu da munka haihu goma cikin ɗaki, wa ya auna mu?" Inna, Allah Ya ƙara girma, ke kin haihu goma kin tashi. Ki ƙirga sa'o'inki da aka kai makwanci da ciki ko da ɗanyen jego, aka ce kwana ne ya ƙare. Su ba su nan balle su ba da nasu labarin.

Kai kuma Malam, in ragon layyarka ya ƙi cin dusa, kafin la'asar ka nemo malamin dabbobi. In babur ɗinka ya canza ƙara, ka tura shi wurin bakanike. Amma matar da aka damƙa maka amanarta gaban shaidu ta kwana uku tana riƙe da kai, ka ce ta sha fanadol. Wani ma ya yi tafiya Illela ko Legas bai bar izini ba, bai bar kuɗin mota ba, mata na jijjiga ana neman lambarsa a waya. Wannan sakaci ne, kuma abin tambaya ne gobe kiyama. Tun yau ka faɗa gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka cewa duk ranar da ciwo ya taso a kai ta asibiti, kana nan ko ba ka nan. Ka ajiye kuɗi gefe. Ka riƙe lambar mai mota ko mai Keke Napep da zai tashi ko ƙarfe biyun dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu cewa zuwa awo rashin tawakkali ne, a wane gari suke faɗar haka? A garin Shehu Usmanu, Allah Ya yi masa rahama, wanda ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab. A garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan cututtuka da magungunansu, inda Nana Asma'u ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata. Malamanmu sun daɗe da karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware dogaro ga Allah. A yi addu'a, a yi sadaka, a kuma ɗaura na'ura a dantse.

In ta riga ta faɗi

Nan ne ake yin kuskuren da ke kisa. Mace ta sandare, idanu sun juye, kumfa na fita, sai tsakar gida ta ruɗe da "Iskoki na sunka taɓa ta!" A kawo garwashi a turara mata hayaƙi, a danna cokali a baki, a ɗura rubutu, a aika kiran mai ruƙiyya. Ku ji da kyau. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, duk abin da aka zuba masa a baki huhu yake tafiya. Hayaƙi kuma yana ƙwace ɗan numfashin da ya rage mata da ɗan cikinta. Cokali haƙora yake karyawa. Kowace faɗuwa tana iya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa, tana iya ɓanɓare mabiyiya daga mahaifa ɗa ya mutu a ciki, kuma ta biyu ta fi ta farko haɗari.

Abin yi kaɗan ne. A kwantar da ita a gefen hagu, a janye wuta da duk abin da zai ji mata rauni, a sassauta tufafi, kada a danne ta, kada a sa komai a bakinta. A ɗauke ta a mota tana kwance a gefe, ba a kan kabu-kabu ba. Mai addu'a ya shiga motar ya yi ta yi a hanya, ba wanda ya hana.

A asibiti akwai allurar da ke tsayar da jijjiga, sunanta maganiziyam salfet, kuma ba ta da tsada. Wani gwaji da aka yi a ƙasashe 33 kan mata fiye da 10,000, aka buga a 2002, ya nuna tana rage haɗarin faɗuwa da fiye da rabi. A Kano, da aka shigar da ita asibitoci 10 na jiha a 2008, mutuwar masu jijjiga ta sauko daga wajen 21 cikin 100 zuwa wajen 2. Sakkwato ma tana da nata hannu a wannan ilimi. A 2009 Farfesa Bissallah Ekele da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gajeren tsarin ba da wannan allura, wanda suka sa wa sunan Sakkwato, inda aka yi wa mata zubin farko kaɗai, giram 14, kuma mafi yawansu ba su sake faɗuwa ba. Cikakken tsari shi ne a ci gaba da allurar har awa 24, amma darasin yana da girma ga mutanen Kware da Dange da Wurno: ƙaramin asibiti na iya yin zubin farko sannan ya turo mace birni. Ma'aikacin da aka horar ne kaɗai ke yin ta, don in ta yi yawa tana tsayar da numfashi.

Allura tana tsayar da jijjiga, magunguna suna saukar da jini, amma tushen ciwon mabiyiya ce, kuma ba ya warkewa sai ta fita. Shi ya sa likita kan ce a tayar da naƙuda ko a yi aiki ko da wata tara bai cika ba. A nan ma an sha ganin dangi sun tsaya gardama a bakin ɗakin tiyata, ana jiran wani kawu ya iso daga ƙauye kafin a sa hannu. Mai tsoron kuɗi ya sani cewa a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi aikin haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa. A tambayi ma'aikata tun lokacin awo.

Sauran haɗurran ciki an sha faɗarsu, a taƙaice za a ambata. Zubar jini kafin haihuwa ko bayanta, asibiti nan take. Naƙudar da ta wuce yini ko kwana, asibiti, don ita ke kawo yoyon fitsari. A kwana cikin gidan sauro, a sha maganin rigakafin zazzaɓi da na ƙarin jini, a yi allurar sarƙe-haƙora.

Saura magana ɗaya game da jego. Haihuwa ba ta rufe ƙofar jijjiga nan take. Mace na iya faɗuwa bayan ta sauka, galibi cikin kwana biyun farko, wani lokaci har cikin kwanakin arba'in. Mai jegon da ta ce kanta na sarawa ko idonta na dishi, a mayar da ita asibiti ko da ranar suna ce. Wadda jininta ya hau a sassauta mata kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa, don likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego. Ta ci gaba da shan maganinta har likita ya ce ta bari, ta riƙa auna jini ko bayan yaye, domin wadda ta yi wannan ciwo ta fi sauran mata haɗarin hawan jini da ciwon zuciya in shekaru sun ja. In Allah Ya sake ba ta rabo, ta fara awo tun wata na biyu ko na uku, kuma ta faɗa wa malamar awo tun ranar farko cewa jininta ya taɓa hawa a cikin baya.